Tauraro Bai San Iyaka Ba: Magana Kan Dikodar Da Muke Kawowa Daga Gida



Makon jiya bayan an sallame, wasu daga cikinmu sun tsaya a inuwar ƙofar masallaci ana gaisawa, sai zance ya faɗa kan dikoda. Wanda ya tayar da maganar wani ɗan'uwanmu ne mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi, kuma ya yarda mu ba da labarin matuƙar ba mu ambaci sunansa ba. Ya ce dikodarsa ce ta ƙi buɗewa bayan an biya kuɗin wata, sai ya kira wakilin kamfanin da ke can gida ta WhatsApp. Wakilin ya tambaye shi inda yake. Shi kuwa ko tunani bai yi ba ya ce, "Ina nan Maradi, Bagalam." Ɗansa mai shekara bakwai yana zaune kusa da shi yana jiran hoto ya dawo, sai yaron ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai a Gombe muke." Ya daka wa yaron harara, aka gyara dikoda, hoto ya dawo. Amma ya ce har ya kwanta maganar yaron ba ta sake shi ba.

Nan fa wuri ya rabu biyu. Wani dattijonmu da ya fi shekara talatin a garin nan ya ce, "Kai Alhaji, wanga abu har ya kai a hana ido barci? Kuɗinka ka biya, ba na kowa ka ɗauka ba." Wani matashi mai gidan kallon ƙwallo ya ce, "Baba ya yi gaskiya. Iska ce fa, daga sama take zuwa. Wa ya mallaki iska?" Wani kuma ya ce shi dai ƙarya ƙarya ce, ko a kan allura aka yi ta. Aka watse ba a daidaita ba, aka ce a kawo maganar cikin takardar nan. To ga ta. Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Tunani ne na 'yan kasuwa a kan abin da ke cikin ɗakunanmu.

Me ya sa muke ɗauko ta tun daga gida?

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a fara faɗin gaskiyar abin da ya ja mu. Yawancinmu daga Maradi, Damagaram, Tawa da Ƙonni muka zo. Neman abinci ya kawo mu Gombe, mun samu, mun yi aure, mun haifi 'ya'ya, alhamdu lillahi. Amma kunne da ido ba su bar gida ba. Mutum yana son ya ji labarin damina a can, ya ji an ga wata ko ba a gani ba, ya ji farashin gero da wake. Idan lokacin kokawar takobi ya zo, wadda aka fara tun 1975 a Tawa, wane ne a cikinmu ba ya son ya ga karon da idonsa? Ranar da Issaka Issaka na Doso zai shiga fili, gidan da ke da Télé Sahel ba ya rasa baƙi.

Wannan ƙishirwa ba sabuwa ba ce. Iyayenmu da rediyo suka kashe tasu. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa daga Landan, Muryar Amurka ta bi sahu a 1979, ga Jamus, ga Rediyon Najeriya Kaduna da ake kamawa har cikin ƙauyukan Nijar. Bafatake zai ɗaure rediyonsa cikin kaya, ya bi ta Jibiya ko Kongolam ko Maigatari, ba wanda ya taɓa ce masa muryar da ke ciki ta tsaya a bakin iyaka. Gajeren zango kyauta ne, abin da ka biya kawai kuɗin batir. Da wannan tarbiyya muka tashi, cewa abin da ya zo ta iska na kowa ne. Shi ya sa da dish ya zo, wanda mutanen gida ke kira farabol, muka ɗauke shi kamar babban rediyo mai hoto. A cikin dikodar ma ai akwai tashoshin rediyo, kuma akwai dattawanmu da ba su damu da hoton ba, muryar gida kawai suke kunnawa su kishingiɗa.

Mu tuna kuma lokutan da aka rufe iyaka. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an rufe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A waɗannan watanni akwai wanda aka yi masa rasuwa bai je ba, akwai wanda aka aurar da ƙanwarsa bai halarta ba. Abin da ya rage tsakaninsa da gida shi ne waya da wannan faranti da ke kan rufin ɗaki. Duk wanda zai yi magana a kan wannan mas'ala bai san da wannan ba, to bai san mu ba.

Yadda abin yake aiki

Da yawa cikinmu muna amfani da dikoda ba mu san abin da ya sa ta Maradi ke buɗewa a Jekadafari ko Pantami ba. Tauraron ɗan'adam da ke aiko da hoto yana can sama wajen kilomita 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake wuri ɗaya a wurinmu, kuma in an saita dish sau ɗaya ba a sake taɓa shi. Saƙon da yake sakowa yana sauka a kan yanki mai faɗi, ƙasashe da yawa a lokaci guda, kamar yadda hadari ɗaya ke zuba a gonaki da yawa. Ba shi da yadda zai yi ya tsaya a Ɗan Isa ya ƙi ƙarasowa Jibiya.

Tashoshin iri biyu ne. Akwai waɗanda masu su suka sake a buɗe, duk mai dish da risiba ya kama. Akwai kuma waɗanda aka kulle, sai da mabuɗi. Mabuɗin shi ne katin da ke cikin dikoda, ko lambar da aka gina a cikinta. In ka biya, kamfani ya aika umarni ta tauraron cewa dikoda mai lamba kaza ta buɗe har kwana talatin. Umarnin yana sauka ko'ina tauraron ya kai. Tauraron aikawa kawai yake yi, dikodarka ba ta mayar masa da amsa, don haka bai san ko tana Maradi ko tana Gombe ba. Abin da kamfani ya sani game da inda kake shi ne abin da ka faɗa masa da bakinka, ko wanda aka rubuta a takarda ranar saye. Wato dai duk cinikin a kan maganarka ya tsaya.

To me ya dame su da inda kake, tun da ka biya? Dalilin shi ne su ma saye suke yi, kuma da sharaɗi ake sayar masu. Masu gasar Firimiya ta Ingila, misali, ba mutum ɗaya suke sayar wa duniya ba. Yanki-yanki suke yankawa, wani lokaci har da harshe. SuperSport na DStv ke nunawa da Turanci a ƙasashenmu na kudu da Sahara, Canal+ na nunawa da Faransanci, beIN kuma ta riƙe ƙasashen Larabawa. Kowanne ya biya kuɗi mai yawa a kan an bar masa yankinsa. Ɗan kasuwa ya san wannan tsari. In kamfanin sabulu ya ba ka wakilcin Gombe, ka ajiye kuɗi, ka kama sito, sannan wani ya riƙa ɗauko kayan nan daga rabon wani gari yana karyar da farashi a gabanka, ba za ka ce masa sannu da aiki ba.

Hujjar masu cewa ba komai

Ba mu raina maganar dattijonmu da matashin nan ba, domin tana da ƙarfi, kuma ya kamata a ji ta sosai.

Suna cewa, wace iyaka? Wannan layi mai tsawon kusan kilomita 1,500 Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi kakanninmu ba. Har yau sarkin Maradi Sarkin Katsina ake ce masa, domin gidan sarautar daga Katsina ya tashi a farkon ƙarni na 19. Gida ɗaya aka raba. Yanzu kuma a ce muryar ɗan'uwanka ma sai ta tsaya a shingen da baƙo ya kafa?

Suna kuma cewa manya ba iyakar da ke tare su. A 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ikon MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv da GOtv. Kuɗi ya tsallake teku da ƙasashe da sa hannu kawai. Amma talaka ya ɗauko 'yar dikodarsa cikin jaka daga Maradi, shi ne za a ce ya yi laifi?

Har kotunan Turawan ma ba su yi baki ɗaya ba. A Kanada mutane sun daɗe suna ba da adireshin Amurka na ƙarya don su kama tashoshin can, sai Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2002 cewa doka ta hana buɗe irin wannan saƙo ba da izinin mai lasisi a Kanada ba. A Ingila kuwa wata mata mai mashaya a garin Portsmouth, Karen Murphy, ta riƙa nuna ƙwallo da katin ƙasar Girka saboda ya fi araha. Aka ci ta tara, ta ɗaukaka ƙara, a 2011 kotun Tarayyar Turai ta ce ba a hana mutum sayen kati daga wata ƙasar Tarayyar, tun da kasuwarsu ɗaya ce. Abu ɗaya, hukunci biyu. Masu wannan ra'ayi sai su ce, kun gani, ai ba laifi ba ne na asali, tsarin kasuwa ne da ake canjawa.

Duk mun ji, kuma akwai gaskiya a ciki. Son jin gida ba laifi ba ne. Iyakar ma ba wahayi ba ce. Sai dai mu yi wa kanmu adalci. Iyakar nan da muke cewa ta Turawa ce, ita ce muke ci da ita. Bambancin naira da sefa, bambancin farashin wake a nan da can, shi ne ribar da yawa daga cikinmu. Ba ya kyautu mu san da iyaka ranar riba, mu manta da ita ranar sharaɗi. Sannan ko da iyakar ba ta da tushe, wakilin da ya tambayi ɗan'uwanmu inda yake ba Bature ba ne, kuma ba tarihin 1906 ya tambaye shi ba. Tambaya ya yi masa mai amsa ɗaya, aka ba shi wata.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Abin da ya hana mu daidaitawa a ƙofar masallaci shi ne kowa da abin da yake nufi in ya ce dikodar waje. In aka rarrabe, rigimar tana raguwa.

Na farko, tashoshin da aka sake a buɗe. Yawancin tashoshin wa'azi da na gwamnatoci da dama haka suke, da rediyoyi masu yawa. Mai su ya sake su ne don a gani, yawan masu kallo ma shi ne burinsa. Wannan kamar rijiyar da aka haƙa a bakin hanya ce. Ka kama daga Nijar, daga Sudan, daga Saudiyya, ba haƙƙin kowa a kanka ta fuskar ciniki. Abin da ya rage shi ne me ake nunawa, kuma wa ke kallo a gidanka. Matashin da ya ce iska ce, a nan maganarsa ta zauna daram.

Na biyu, wanda ya sayi dikoda ta gaskiya a gida, da sunansa da lambarsa, yana biyan abonoma cikakke kowane wata, ya kawo ta Gombe yana kallo da iyalinsa. Wannan shi ne halin yawancinmu, kuma shi ne mai wuyar. Ba za mu kira shi ɓarawo ba, domin bai ɗauki abin da bai biya ba. Amma akwai takardar da aka ba shi ranar saye, wadda galibinmu ba mu taɓa karantawa ba, wasu ma da Faransanci take. Sharuɗɗan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In takardar ba ta hana fita da ita ba, ko kamfanin yana da wakilci a inda kake, to magana ta ƙare. In kuwa ta ce a ƙasa kaza kaɗai, to ka karɓi kaya a kan sharaɗi, kuma ka saɓa. Saɓa sharaɗi bai kai sata ba, amma ba a ce ba komai ba ne. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa sharaɗin da aka yi ciniki a kansa yana hawa kan mutum matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Ba a ce sai sharaɗin ya yi maka daɗi ba. Ba a kuma ce sai mai kayan talaka ne ko Musulmi ba. Mu da muke ba da kaya bashi a kan kalma, mun fi kowa sanin cewa alkawari kaya ne.

Na uku, wanda ya kai ga faɗin abin da ba shi ba. An tambaye shi ina yake ya ce Maradi, ko ya rubuta adireshin ƙaninsa alhali ya san don a ɓoye ne. A nan an bar maganar sharaɗi an shiga maganar harshe. Kuma ƙaryar ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. Ƙanin da ke zuwa biya a can, in an tambaye shi dole ya ce dikodar tana ɗakinsa. Matarka ta ji, ɗanka ya ji. Don kallon wata guda an sa mutum uku ko huɗu cikin abin da ba su nema ba. Mu ne muke tura yaran nan Islamiyya a koya masu cewa munafiki in ya yi zance sai ya yi ƙarya. Yaron da ya ce "Baba, ai a Gombe muke" karatunsa ya biya, aka harare shi. Darasin da ya ɗauka a ranar ya fi na malaminsa shiga.

Na huɗu, risibar da aka yi wa dabara. Kun san ta: a sa mata ɗan layin waya ko a haɗa ta da intanet, ka ba wani yaro kuɗi kaɗan, tashoshin da aka kulle duka su buɗe. Yadda ake yi shi ne wani a wata ƙasa yana da kati ɗaya na gaskiya, yana kwafe mabuɗinsa yana rarraba wa ɗaruruwan mutane ta intanet. Kuɗin da ka biya ba ya isa ga mai kaya ko sisi. Wannan ba maganar iyaka ba ce ko kaɗan, ko a Maradi ka yi shi sunansa ɗaya. Sayen kaya ne a hannun wanda ya fasa shago. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ita ma ta hana karya makullin da mai haƙƙi ya sa wa kayansa. Kuma ba sai an je nesa ba. Mun ga yadda satar fasaha ta kwantar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Kano, mun ji kukan mawaƙa da marubuta. In muka ce a can zalunci ne, ba za mu ce a nan wayo ba ne don kawai mai kayan yana da kuɗi.

Akwai na biyar da ya shafi masu gidajen kallo. Kamfanoni suna raba kuɗin kallon gida da na wurin sana'a. Wanda ya biya na gida, ya kafa benci, yana karɓar kuɗin shiga daga mutum hamsin, ya sayar da abin da ba a sayar masa ba. Matar Ingilan nan ma da ta ci nasara a kan sayen kati, kotun ta ce nuna wa jama'a a wurin sana'a wata magana ce dabam, tana bukatar izini a kan abubuwan da ke da haƙƙin mallaka a cikin shirin. Mun san kuɗin ya yi tsada, ga man janareta, ga haya. Amma in sana'a ba ta tsayawa sai da abin wani, to a sake lissafi.

Wani zai ce kamfanonin nan ba sa jin komai, me ɗan abin da muka rage masu zai yi? Tauraro ba ya zama a sama kyauta. Manyanmu za su tuna da rediyon WorldSpace, wanda Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa. A 1998 aka harba tauraronsa AfriStar don Afirka ta ji rediyo tangaram ba shuu ba ƙara. Shekara goma bayan nan, a 2008, kamfanin ya durƙushe saboda abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba, akwatunan da mutane suka saya da tsada suka koma kayan ado. Ko ba wannan ba ma, arzikin mai kaya bai taɓa halatta kayansa ba. Da haka ne, da yaran shagonmu sun daɗe da samun hujja a kanmu.

Ma'aunin da muke ba da shawara

Ba kowa ne zai iya karanta takardar sharuɗɗa ba, amma akwai ma'aunin da kowa ke da shi. Abin da kake yi da dikodarka, za ka iya faɗa wa wanda ya sayar maka, a gabansa, ba kwana-kwana? Ka ce masa, "Malam, Gombe zan kai ta, can nake zaune." In ya ce ba matsala, kamfani ya yarda, ka fita. In ya ce ka yi shiru kada ka faɗa, to ka san inda ka tsaya. Mai kallon tashar da aka sake kyauta zai iya faɗa. Mai risibar dabara ba zai iya ba. Na tsakiya kuwa, tambaya ɗaya ce ta raba shi da sanin matsayinsa, kuma yawancinmu ba mu yi ta ba ne don muna tsoron amsar.

In amsar ta zo ba yadda muke so ba, ba a rasa mafita ba. A fara duba ko abin da ake nema yana cikin tashoshin da ke buɗe, mai saita dish zai iya nunawa. Gidajen rediyo da talabijin da yawa na gida yanzu suna saka shirye-shiryensu da kansu a Facebook da YouTube. In ƙwallo ce, akwai masu lasisin nuna ta a nan, mutum ya sayi daidai ƙarfinsa. Sannan mu da muke da yawa a Gombe, Kano, Kaduna da Legas, me zai hana shugabannin al'ummarmu su rubuta wa kamfanonin nan a fili, su ce ga mutane dubbai masu son tashoshin gida kuma a shirye suke su biya, a buɗe masu hanya ta gaskiya? Ɗan kasuwa ba ya ƙin mai saye. Wannan ya fi mana mutunci a kan kowa ya riƙa raɗa a waya.

Akwai kuma abin da ya keɓance mu. Mu baƙi ne, kuma Gombawa sun karɓe mu hannu biyu. Jarin baƙo a kasuwa sunansa ne. Ana ba mu buhu ɗari a Tudun Hatsi ba takarda, saboda an ce mutanen nan ba sa cin amana. Iyayenmu ne suka tara mana wannan suna, ba a kwana ɗaya ba. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, zamanmu a nan ya ƙara dogara ga kyakkyawar mu'amala da kiyaye doka. Ranar da aka kama ɗayanmu yana sayar da risibar dabara, ba sunansa za a faɗa ba, cewa za a yi 'yan Nijar ne. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ba muna cewa kowa ya hau rufi yau ya kwance dish ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Wanda ke kan risibar dabara ya bar ta. Mai gidan kallo ya nemi irin biyan da ya dace da sana'arsa. Mai dikodar gida ya tambaya, in zai je ko in zai aika, kuma ya daina cewa yana inda ba ya nan. In aka tambaye ka kana ina, ka ce Gombe. Iyakar abin da zai faru a rufe maka hoto.

Ɗan'uwanmu mai hatsi ya ce washegari ya kira yaron ya ce masa, "Jiya kai ne ka yi gaskiya, ni na yi kuskure." Ya ce bai taɓa jin nauyin magana irin wannan ba, gaban ɗan da ya haifa. Dattijonmu kuwa har yanzu yana kan bakansa cewa shi bai ci na kowa ba, amma ya ce in Allah Ya kai shi gida bayan kaka zai shiga shagon da ya saya ya tambaya, "don bakinku ya huta." Mun ce masa mun yarda, Baba, kuma in ya dawo za mu kawo amsar a wannan takarda.

Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, musamman malamanmu da masu sana'ar saita dish, ƙofa a buɗe take, a samu kwamitin masallaci bayan sallar La'asar.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke shigarwa gidajenmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Nijar da Najeriya lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.